Ku Karɓe Fensirin Nan Daga Hannun Yaro!

Kafin in ce kome, ina neman gafarar malamaina na wannan jami'a, musamman waɗanda ke zaune a gidajen ma'aikata da iyalinsu, domin maganar da zan yi yau su ta fi shafa, kuma ba zan yi ta da rufa-rufa ba. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, kada ku washe baki kuna cewa yau an taɓo malamai, gama gobe-goben nan ku ne iyaye, kuma alamu sun nuna za ku fi su ɓarna.

Maganar kuwa ta hannun yaro ƙarami ce, ɗan shekara biyu zuwa biyar, da abin da mu 'yan boko muke yi masa da sunan gata. Mun ƙwace wa yatsunsa aikin da suka gada a tsakar gida, mun cusa musu fensir tun ba su ƙosa ba, sa'an nan idan an taso daga makaranta mu miƙa musu waya su yi ta shafar gilashi har barci ya kwashe mai su. Muna kuma biyan kuɗi masu tsoka a kan haka, har muna tinƙaho.

Kowa a cikinmu ya san abin da nake nufi. Da sassafe za ka ga an fito da yaro wanda ko yaye bai daɗe da yi ba, an sa masa takalmi sau-ciki da safa, an rataya masa jaka wadda ta kusa taɓa masa ƙwauri, ana ja yana turjewa, wai za shi nazare. Da azahar ya komo da littafi, an ba shi aikin gida: ya cika shafi guda da baƙin A, wani shafin da lamba 2, kuma kowane baƙi ya zauna daram tsakanin layi biyu. Yaro ya dunƙule fensir kamar mai riƙon taɓarya, ya danna har takarda ta huje, ya gaji, ya fashe da kuka. Daga nan sai uwa ta kama hannunsa cikin nata, ita ke rubutu shi yana hamma. Kashegari malama ta duba ta ba da maki da jan biro, alhali ta san sarai ba hannunsa ba ne. Uba ya gani ya yi murmushi, ya ce kuɗinsa bai tafi a banza ba. To, don Allah jama'a, wa aka yaudara? Manya uku sun haɗa baki sun yi wa kansu ƙarya, wanda ya sha wuyar kuwa shi ne wanda ba a yi shawara da shi ba.

Bari mu fara da shi kansa hannun, tun da yake mu masu ilmi ne, ko kuwa haka muke faɗi. Ƙashi 27 ne a hannun mutum, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu. Takwas daga cikinsu ƙanana ne, suna jere a wuyan hannu, kuma ran da aka haifi jariri babu ko ɗaya cikin takwas ɗin nan da ya zama ƙashi, duk guringuntsi ne. Ɗaya bayan ɗaya suke ƙosawa, na ƙarshensu sai yaro ya doshi shekara goma ko ma ya wuce. Shi ya sa likita kan ɗauki hoton hannun yaro ya ƙiyasta shekarunsa. Ban ce fensir zai karya wa kowa ƙashi ba, kada a yi mini ƙari. Abin da nake so a gane shi ne, hannun ɗan shekara uku gini ne da ba a gama ba, kuma ginin yana da tsarinsa. Ikon sarrafa hannu daga kafaɗa yake farowa, ya gangaro gwiwar hannu, ya zo wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Jariri da tafinsa duka yake damƙar abu, sai ya kai wajen wata tara zuwa shekara guda kafin ya iya ɗaukar ƙwayar dawa da babban yatsa da manuni. Ɗan shekara ɗaya da rabi dunƙule alli yake yi, ya yi zane da dantse duka. Riƙon nan na yatsu uku, wanda alƙalami ke rawa a cikinsa dantse na zaune, yawancin yara ba su samunsa sosai sai tsakanin shekara huɗu da shida. Masu nazarin girman yara sun daɗe da auna wannan: ɗan shekara uku yana iya kwaikwayon da'ira, ɗan shekara huɗu layi biyu a gicciye, alwatika kuwa mai kusurwa uku sai wajen shekara biyar. To, dubi baƙin A. Mene ne shi in ba alwatika mai ƙafafu ba? Watau abin da muke tsangwamar ɗan shekara uku a kansa, abu ne da Allah bai riga ya ba hannunsa ba tukuna.

Kada kuma wani ya ɗauka maganar yatsu ƙaramar magana ce. A shekarun 1930 wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Wilder Penfield, yana yi wa masu farfaɗiya aiki suna farke, yakan taɓa wurare dabam-dabam na ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki kaɗan, ya ga wace gaɓa ce za ta motsa. Da ya zana taswirar abin da ya gani, sai ga hannu da baki sun cinye fili mai yawa, gadon baya kuwa duk faɗinsa ɗan wuri kaɗan ya samu. A 2010 kuma David Grissmer da abokan aikinsa suka bi bayanan dubban yara a Amurka da Ingila, suka tarar yaran da suka shiga makaranta da yatsu masu ƙwarewa, galibi su ne ke yin gaba a lissafi da karatu bayan shekaru. Ashe dai yatsu da kai tafiyarsu ɗaya. Tambayar da ta rage ita ce, da me ake horar da yatsun kafin lokacin alƙalami ya zo?

Amsar tana tsakar gidan kakarka, kuma ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kanta ba. A tuna yadda yaron Bahaushe yake wuni. An baza wake a faifai ana tsintar tsakuwa da ruɓaɓɓu, ga shi nan a gindin uwarsa yana tsinta da yatsu biyu, rabi daidai rabi ɓarna, ba wanda ya ba shi maki. Lokacin kaka ana ɓarar gyaɗa, ya danna kwanso da babban yatsa har ya fashe, kuma sai ya koyi danna shi daidai ƙima, domin in ya cika ƙarfi ƙwayar ta dagargaje. Ana murje masara daga totuwa, ana tsige ganyen zogale daga tsinkensa, ana gyaran rama da yakuwa, ana mulmula dawon fura, ana murza ƙuli-ƙuli. Ko cin tuwo darasi ne. Dubi abin da hannu ke yi kafin loma guda ta kai baki: a gutsuro, a mulmula cikin tafi, a danna rami da babban yatsa, a ɗebo miyar kuka mai santsi, a kai ta baki ba ta zuba a riga ba. Yaronmu na yau kuwa har ya shekara huɗu ana bin sa da cokali ana ɗura masa, wai kada ya ɓata kujera. Ga ɗaurin tazuge, ga ɗaurin zane da na kallabi, ga ɓalla maɓallin riga. Yarinya tana zaune kusa da tsohuwa mai kaɗi, tana kallon yadda ake murza mazari, kafin a ankara ta samo tsinke da ɗan guntun auduga tana kwaikwayo. Wata tana gefen mai saƙar faifai tana wasa da ragowar kaba. Babu wanda ya kira wannan karatu, amma duk motsin da alƙalami zai buƙata daga baya, tsinta da murzawa da dannawa da juyawa, da haɗa hannu biyu ɗaya na riƙo ɗaya na aiki, yana ciki.

Wannan kuwa aiki ke nan, ba a zo ga wasa ba. Wa ya manta da tuwon ƙasa, da gwangwanin madara da murfin kwalba a matsayin tukunya da akushi? Da damina yara su kwaɓa laka su gina shanu da ƙaho da tozo, su gina tukwane su shanya a rana. 'Yan mata su sami ƙashi ko guntun kara su yi 'yar tsana, su liƙa mata zare su zauna su yi mata kitso, su ɗaura mata ƙyalle. 'Yar carafke kuwa, a jefa tsakuwa sama, a kwashe na ƙasa, a cafe ta sama kafin ta faɗo, ni ban san wani kayan wasa na kanti da ya kai ta haɗa ido da hannu ba. Sai kuma sarkin wasanni, motar kara. A ɓare ɓawon kara, a tsaga shi siri-siri, a yanka totuwa guntu-guntu, a yi ta sokawa ana haɗawa har mota ta tashi da ƙafafunta da gidan direba, wani ma har da tabarau da keke da jirgin sama. Ɗan shekara huɗu ba ya iya gina ta, amma yana tsugune gaban wansa, shi ke miƙo totuwa, shi ke soka tsinke inda aka nuna masa, in ya karya a harare shi, ya sake. Ina malamar nazaren da za ta iya riƙe hankalin yaro sa'a biyu cur kamar yadda motar kara ke yi?

Yanzu ga abin dariya, ko kuwa in ce abin kuka. Bi titunan Kano ko Kaduna ko Zariya ka karanta allunan makarantun kuɗi, za ka gaji da ganin sunan Montessori. Iyaye na jin sunan sai su ƙara gyara zama, a ƙara musu kuɗi su biya. Wace ce Montessori? Likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a watan Janairu na 1907 a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, unguwar matalauta, domin 'ya'yan leburori da iyayensu ke barinsu suna gararamba. Me ta koya musu? Wanke hannu, shara, ɓalla maɓalli, zura igiyar takalmi, zuba abu daga wannan mazubi zuwa wancan ba tare da an zubar ba. Da ta zo kan baƙaƙe, sai ta yanka su da takarda mai kaushi, yaro ya riƙa bin su da yatsa, tun kafin a ba shi abin rubutu. Kafin ita akwai Friedrich Froebel a Jamus, wanda a 1840 ya raɗa wa makarantarsa suna Kindergarten, watau lambun yara. Shi kuma naɗe takarda yake sa su, da saƙa da tsagin takarda, da ginin laka, da wani wasa da ake jiƙa ƙwayoyin wake irin nasu su yi laushi, a riƙa soka musu tsinkaye ana haɗa siffofi. Jama'a, tsinke da jiƙaƙƙen wake, me ya raba shi da ɓawon kara da totuwa? Waɗannan mutane sun ga birni da masana'antu sun raba yara da aikin tsakar gida, suka yi dabarar mayar musu da shi cikin aji. Mu da muke da abin a hannu, muka zubar, muka sayo sunan matar muka kafa a bakin ƙofa, sa'an nan a cikin ajin muka yi ainihin abin da ta yi yaƙi da shi. Wannan ko kwaikwayo bai cika ba.

Ba ma sai mun je Turai neman hujja ba. Makarantar allo, wadda wasunmu ke yi wa kallon baya, ba ta taɓa yin wannan wauta ba. Ƙaramin yaro da kunne yake fara karatu. Malam ne ke rubuta masa allonsa, shi nasa ya bi baƙaƙen da yatsa yana biyawa, ya wanke allo, ya shafa masa farar ƙasa ya shanya. Sai ya yi babbaƙu ya yi farfaru, hannu ya yi ƙwari, sa'an nan ya soma gwada rubutu, sau da yawa ma a ƙasa da yatsa, kafin ya kai ga feƙe alƙalami da tsoma shi a tawada. Daga wannan tsarin ne alarammomi suka fito waɗanda ke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, da rubutun da in ka gani sai ka ce ɗab'i ne. Bokon ma da kansa da can yana da kunya. Manyan malamanmu da suka shiga firamare a zamanin UPE, wadda aka soma a 1976, za su tuna yadda ake ɗaukar yara: a ce ka ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunnen ɗaya gefen, in bai kai ba a ce ka koma gida sai baɗi. Muna yi wa wannan dariya yanzu, amma aƙalla mutanen sun yarda jiki yana da lokacinsa. Tsarin Ilmi na Ƙasa na 1977 kuma ya faɗa a sarari cewa ilmin da ke gaban firamare na 'yan shekara uku zuwa biyar ne, kuma babbar hanyar koyarwa a cikinsa wasa ce. Malamanmu na Sashen Ilmi sun san wannan, suna koyar da shi, suna tambayarsa a jarrabawa, su kayar da wanda bai haddace ba. Da yamma kuma su koma gida su zaunar da 'yar shekara uku ta cika shafi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A ƙasar Finlan sai shekarar da yaro zai cika bakwai yake shiga aji ɗaya, ban kuwa ji an ce jahilci ya kashe su ba.

Za a ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yarda. Amma mai tanƙwara icce ya san inda zai tsaya, in ya wuce nan sunan abin karyawa. Yaron da aka tilasta wa rubutu kafin yatsunsa su iya, dabara yake nema ta ko wane hali: ya naɗe babban yatsa bisa sauran, ya ƙanƙame fensir, ya sandare wuyan hannu. Riƙon da ya saba da shi kuwa wuyar sauyawa gare shi. Ku dubi hannuwan abokanku a zauren jarrabawa, ku ga masu yarfe hannu bayan shafi biyu. Abin da ya fi wannan muni shi ne yaro ya fara sanin littafi a matsayin abin da ke sa shi kuka. A lura, ban hana yaro zane ba. A ba shi gawayi da bango, ko alli da daɓe, ko tsinke da rairayi, ya yi ta kwasar zanensa manya-manya yadda ransa ke so, wannan abinci ne ga hannu. Abin da nake yaƙi da shi shi ne baƙi tsakanin layi biyu, da bulala a gefe.

Sai maganar waya, wadda ta zo ta ƙarasa abin da fensir ya rage. Yaro na kuka, a miƙa masa. Ana baƙi, a miƙa masa. Uwa na girki, uba na duba takardun ɗalibai, a miƙa masa. Har za ka ji uba na yabo, wai ɗansa ɗan shekara biyu ya iya buɗe waya da kansa, lalle injiniya ne. Haba malam! Yatsa guda ne fa ke shafar gilashi mai santsi, babu nauyi, babu kaushi, babu laushi, babu abin da zai fashe in an danna da ƙarfi ko ya suɓuce in an yi sako-sako. Sauran yatsu tara suna hutu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a guda a wuni, in ya gaza haka ma ya fi. Shekara guda kafin nan, a 2018, Roger Kneebone, farfesa mai koyar da aikin tiyata a Imperial College ta Landan, ya koka cewa ɗalibai na zuwa musu da sakamako mai kyau, amma hannuwansu ba su iya yanka da ɗinki ba, domin sun taso ba su saba yin kome da hannu ba. In haka ta faru a Landan, mu da muke biye da su ido rufe sai mu shafa wa gemunmu ruwa.

In aka bi tushen abin, ni a ganina raini ne. Ɗan boko ya ɗauka duk abin da ake yi da hannu, in ba riƙon biro ba, aikin wanda bai yi karatu ba ne, saboda haka gata shi ne a nisanta ɗa da shi. Ko makarantar da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, mu ne daga baya muka fi mai kora shafawa. Ciro takardar naira ashirin ka juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ta koyi ginin tun tana yarinya a wajen 'yar'uwar iyayenta, ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, a 1954, aka nuna aikinta a Turai da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da a gidan ɗayanmu aka haife ta, da ran da ta fara taɓa laka an buge hannun, an wanke shi da sabulu mai ƙanshi.

Na san abin da masu suka za su ce, kuma wani abin nasu gaskiya ne. Za su ce ina so in mayar da yara bauta. A'a. Akwai bambanci tsakanin yarinyar da ke tsintar wake a gindin uwarta, in ta gaji ta tashi ta yi tsallenta, da wadda aka ɗora wa farantin talla tun asuba, ko aka ce sai ta ɓare buhun gyaɗa kafin ta ci abinci. Ta biyun zalunci ne, kuma babu hannun da ke ƙwarewa da zalunci. Alamar da za a riƙe mai sauƙi ce: in yaro na da ikon tashi ya bari, wasa ne. Za su ce akwai haɗari. Akwai ƙwarai. Yaron da bai kai shekara uku ba kome baki yake kaiwa, ƙwayar gyaɗa na iya shaƙe shi, kuma ma'aikatan asibiti sun gaji da ciro wake da dutsen wuya daga hanci da kunne. Saboda haka ƙananan ƙwayoyi sai wanda ya haura uku, shi ma da babba a kusa. Reza da wuƙa ba nasa ba ne, ɓawon kara ma yana yanka. A wanke hannu bayan wasan ƙasa, kada kuma a yi shi inda dabbobi ke kashi. Amma maganin haɗari ido ne, watau zaman babba kusa da yaro, kuma ina zargin wannan zaman ne ainihin abin da muke gudu. Nazare da waya duk hanyoyi ne na sayen sararin kanmu.

Akwai kuma masu korar ɗa namiji daga madafa, wai kada ya saba da aikin mata. Wannan ya fi ba ni mamaki. A ƙasar Hausa su wa ke ɗinkin babbar riga, aska takwas da aska biyu? Su wa ke dukanci, da ƙira, da saƙar tsakiya a masaƙa, da tufkar igiya? Maza ne. Allura da zare ba su taɓa rage wa Bahaushe mazantaka ba. Ɗan shekara huɗu da ya tsige zogale ba abin da zai ragu a jikinsa. Uban ma da ke wannan magana, ya zauna ya nuna masa yadda ake ɗaure tazuge mana, ko shi ma aikin mata ne?

Wata za ta ce ita a bene take zaune, aiki take zuwa, shinkafarta ta kanti ce ba tsakuwa, garinta inji ya niƙa, ina za ta sami kara da laka? Uzurin bai karɓu ba, domin kayan suna nan cikin ɗakin girkinta. A haɗa wake da masara a faranti a ce ya raba su gida biyu. A ɗibar masa ɗan ƙullin fulawa ran da ake cincin ya mulmula, ya murza, ya yi maciji da ƙwallo. A ba shi makaroni da igiyar takalmi ya zura ya yi sarƙa. A tara masa gorunan roba ya yi ta buɗe murfi yana rufewa. Ya yayyaga tsohuwar jarida, ya dunƙule ta, in ya kai uku da rabi ko huɗu a saya masa almakashi marar tsini ya yanka. Ya ɓare lemo da dafaffen ƙwai da kansa, ya matse soso a wajen wanka, ya zuba ruwa daga kofi zuwa kofi, ya wanke ɗan hankicinsa ya matse. A bar shi ya ɓalla maɓallinsa ko da za a makara minti biyar, ya ci abincinsa da hannunsa ko da za a share wurin. Abin da duk wannan ke ci shi ne haƙuri da ɗan ɓacin ɗaki. Kuma a yi masa magana ana yi, da Hausa, a ce murza, tsinta, matsa, tsaga, ƙulla, kwance, domin kowane motsi da sunansa, harshe da hannu su taso tare.

Tun da ana maganar hannu, bari in sa baki a kan bahago, ko da za a ce na yi karambani. Kusan mutum ɗaya cikin goma haka Allah ya halicce shi, kuma a shekarun nan ne abin ke bayyana. A koya masa ci da sha da gaisuwa da karɓar abu da dama, wannan ladabi ne da addini, kuma yana iya koya. Amma zane da yanka da rubutu, a bar shi da hannun da ya fi masa sauƙi. Dukan hagu da rula har ta saki fensir ba ya mai da yaro na-dama, sai dai ya bar shi da mummunan rubutu da tsoron aji.

Ga kuma abin da nake roƙon wannan ƙungiya tamu. Mun cika shafuffukan mujallar nan da nazarin waƙa da karin magana da tatsuniya, madalla, amma wasannin hannu na yara suna mutuwa da kalmominsu, ba wanda ya rubuta. Ɗalibai nawa ne a ajinmu za su iya faɗin matakan 'yar carafke daga farko har ƙarshe, ko sunayen sassan motar kara kamar yadda yaran garinsu ke kiransu? Na Katsina da na Sakkwato da na Damagaram ba lalle su zo ɗaya ba, kuma wannan kansa abin nazari ne ga masu neman abin rubuta kundi. Kowa in ya je hutu ya zauna da tsofaffin gidansu da yaran unguwa, ya rubuto wasa guda: sunansa, kayansa, yadda ake yi, da shekarun masu yinsa. Edita ya ware mana shafi biyu a fitowa ta gaba. In Makon Hausa ya zo kuma, bayan an gama jawabai, a shimfiɗa tabarmi a gayyato 'ya'yan malamai daga gidajen ma'aikata, a zube musu kara da laka da kaba. Hutun da ya fi dacewa da tattaro kayan shi ne na bayan kaka, lokacin kara na jibge a gonaki bai riga ya tafi danni da murhu ba, sai dai a zaɓo na dawa mai kauri, wanda totuwarsa ba ta ruɓe ba.